Tsaron Da Ke Cikin Ganye: Yadda Sha'ir Ya Rufe Wa Cuta Ƙofa Fiye Da Shekara 40, Da Inda Lamarin Ya Shafi Dawar Rido

Duk mai riƙe da wayar Android ya saba ganin saƙon nan da ke faɗowa lokaci zuwa lokaci, cewa akwai sabuntawar tsaro da ke jiran a sauke. Dalilinsa sananne ne: 'yan dandatsa sun gano wata kafa, kamfani ya toshe ta, su kuma sun koma neman wata. Irin wannan tseren ne ake yi a cikin ganyen shuka, tun kafin a ƙera kwamfuta ta farko. Daga watan Agusta zuwa Satumba, lokacin da ruwa ya kankama, wanda ya ratsa gonakin da ke tsakanin Mararrabar Rido da cikin garin Rido zai ga wasu ganyayen dawa sun yi ɗige-ɗige ja, wasu na masara sun yi kamar an barbaɗa musu tsatsa, alhali gonar da ke maƙwabtaka da su kore shar. Sau da yawa bambancin yana cikin irin da aka shuka, wato cikin umarnin da iri ya gado daga iyayensa.

Shukar da ta fi kowace bayyana wa masana yadda wannan tsaro yake aiki ita ce sha'ir. Abin da aka koya daga gare ta shi ne akwai kariyar da ke karyewa cikin 'yan shekaru, akwai kuma wadda ke daɗewa, kuma tsarin ginin kowace ne ke nuna wadda za ta daɗe.

Me ya haɗa Kaduna da sha'ir?

Yawancin matasa sun fi jin sunan sha'ir a karatun zakkar fidda kai. Dangin alkama ne, yana son sanyi, shi ya sa ba a ganinsa a gonakin Rido. A Afirka, Habasha da Maroko ne suka yi fice wajen noma shi. A Najeriya, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ita aka ɗora wa alhakin bincike a kansa tare da alkama da gero.

Amma sha'ir ya taɓa rayuwar manoman dawa ta wata hanya. Da shi ake yin malt, wanda ke shiga lemun malt da kayan shayi da giya. A 1988 gwamnatin tarayya ta hana shigo da malt ɗin sha'ir, sai masana'antu, har da na Kakuri a nan Kaduna, suka koma ga dawa. Ɗaya daga cikin irin da suka fi nema shi ne SK5912, gajeriyar kaura da aka samar a Samaru, wadda daga baya aka sa wa suna SAMSORG 17. An sassauta dokar daga baya, amma dawa ta riga ta samu gurbi a masana'anta. Ke nan a wannan yanki dawa ce ke yin aikin sha'ir, kuma tambayar da masu binciken sha'ir suka sha fama da ita ita ce ke gaban masu binciken dawa.

Iri manhaja ce

Jikin shuka ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, waɗanda ake kira sel. A cikin kowane sel akwai DNA, dogon rubutu da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Kamar yadda kwamfuta ke gina komai daga 0 da 1, haka halitta ke gina komai daga waɗannan huɗun. Rubutun sha'ir ya kai haruffa kimanin biliyan 5.1, ya zarce na ɗan Adam da ke da kimanin biliyan 3. Idan aka ba kowane harafi bayit ɗaya, fayil ɗin zai ci kusan 5GB. Na dawa, wanda aka kammala karantawa a 2009, haruffa miliyan 730 ne, bai ma kai 1GB ba.

Wani yanki na wannan rubutu da ke ba da umarni guda, misali a haɗa wani furotin, shi ake kira ƙwayar gado. Sha'ir da dawa suna ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga ɓangaren uwa, ɗaya daga ɓangaren uba.

Abokin gaba kuma shi ne fumfuna, dangin abin nan da ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu a leda. Yana yaɗuwa ta hanyar ƙura mai rai da iska ko feshin ruwan sama ke ɗauka. Idan ƙwaya ɗaya ta sauka a kan ganye, sai ta fitar da ɗan zare, ta huda bango ko ta bi ta ƙofofin numfashin ganyen, ta shiga shan abincinsa. Ganye shi ne faifan sola na shuka. Duk inda cuta ta ci, caji ya ragu, zangarniya ta fito da ƙwaya marar nauyi.

Tsari na farko: jerin sunayen masu laifi

A shekarun 1940 wani masani a Amurka mai suna Harold Flor ya gano wata ƙa'ida yayin da yake nazarin cutar tsatsa. Ya lura cewa kowace ƙwayar gado ta kariya a jikin shuka tana da takwararta guda a jikin cutar. Shuka na da mai gadi da ya haddace fuskar wani furotin na fumfuna. Da zarar ya hango shi, sai sel ɗin da aka shiga ya kashe kansa. Tunda cututtuka irin su tsatsa sai da sel mai rai suke rayuwa, nan take cutar ke mutuwa da yunwa. Daidai yake da a zare kwamfutar da ta kamu daga layin ofis don kada ta shafa wa saura.

Haka tsohuwar manhajar antibairos ke aiki: tana da jerin alamomin ƙwayoyin cutar da ta sani, tana kama duk wanda ya yi daidai da jerin. Rauninta ma iri ɗaya ne. Idan mai kutse ya sauya 'yan layuka a manhajarsa, ya wuce salin-alin.

Sha'ir a Turai yana fama da wata cuta da ke rufe ganye da farar hoda kamar an watsa masa gari. Masu inganta iri sun samo masu gadi da yawa a wani wuri guda na DNA da ake kira Mla, mai nau'o'i fiye da 30. Sai dai labarin kullum ɗaya ne. A fitar da sabon iri, manoma su yi rububinsa, ya mamaye gonaki, bayan 'yan shekaru cutar ta dawo. Gona guda na fitar da ƙurar fumfuna biliyoyi, kuma a cikinsu ba a rasa wadda aka yi kuskure wajen kwafe rubutunta har fuskarta ta sauya. Wannan guda ɗayar ita kaɗai ke da abinci a faɗin yankin, don haka cikin ɗan lokaci zuriyarta ta cika ko'ina.

Alkama ta ga irin haka. Wata ƙwayar gado mai suna Sr31 ta yi kusan shekara 30 tana kare alkamar duniya daga tsatsar kara. A 1998 aka ga wani sabon nau'in tsatsa a Yuganda da ya fi ƙarfinta, aka sa masa suna Ug99. Iska ta kai shi Kenya da Habasha, ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Yaman a 2006, ya isa Iran a 2007.

Haɗarin yana ninkuwa idan kowa ya shuka abu ɗaya. A 1970 kimanin kashi 85 cikin 100 na masarar Amurka sun gaji wani rauni guda daga ɓangaren uwa. Wata cutar ganye ta gano shi, ƙasar ta yi asarar kimanin kashi 15 cikin 100 na masararta a shekara ɗaya. Masu bin labaran fasaha za su tuna WannaCry a watan Mayun 2017, wadda ta bi ta kafa guda a Windows ta shiga kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150.

Tsari na biyu: a cire ƙofar baki ɗaya

A 1942 wasu masu bincike biyu a Jamus suka haska wa irin sha'ir hasken X-ray, irin na hoton ƙashi a asibiti, don su ga sauyin da zai haifar. A cikin abin da ya tsiro aka samu wanda farar hoda ba ta kama shi ko kaɗan. Daga baya aka gano cewa wasu irin gargajiya da aka kwaso daga gonakin manoman Habasha a ƙarshen shekarun 1930 suna da wannan baiwa tun asali, ba tare da wani haske ba. Aka sa wa abin suna mlo.

Abin mamakin shi ne mlo ba sabon mai gadi ba ne. Ƙwayar gado ce da ta lalace. A 1997 masana a birnin Norwich na Ingila suka gano ainihin inda take, suka kuma karanta ta. Lafiyayyar ƙwayar tana haɗa wani furotin da ke zaune a jikin siririyar fatar da ke lulluɓe da sel ta cikin bangonsa, kuma fumfunar farar hoda sai da shi take iya shiga. Idan babu shi, da zarar cutar ta fara huda, sel ɗin yakan yi maza ya gina toshiya mai kauri a daidai wurin, zaren ya tsaya a waje. A irin Habasha, wanda ake kira mlo-11, abin da ya faru shi ne wani yanki na rubutun ya maimaita kansa sau da yawa a jere har ya hana a karanta umarnin yadda ya kamata.

A harshen masu kwamfuta, wannan shi ne kashe wani sashe da ba dole ba ne don kada a bi ta cikinsa. Lokacin WannaCry, kwamfutocin da aka riga aka kashe musu tsohuwar hanyar musayar fayil ta SMBv1 sun tsira daga wannan kafa. Haka wayar da aka kashe wa Bluetooth ba ta damu da ko wane ne ke ƙoƙarin shiga ta nan ba. Ɓad-da-kama ba ta da amfani a inda babu ƙofa.

An fara sayar wa manoman Turai sha'ir mai mlo a wajajen 1979. Yau fiye da shekara 40 ke nan, ana shuka shi a miliyoyin hekta, kuma kariyar na nan daram a gona. Idan aka kwatanta da 'yan shekarun da masu gadin Mla ke yi, tazarar a fili take.

Akwai sharaɗi guda. Dole kwafi biyun su kasance a lalace. Idan ɗaya na da lafiya, zai ci gaba da haɗa furotin ɗin, ƙofa na nan a buɗe. Shi ya sa idan aka aurar da mai mlo da marar shi, 'ya'yan farko duk suna kamuwa, sai a jikoki ne ake samun kimanin ɗaya cikin huɗu da ya tsira.

Kowane tsaro da farashinsa

Furotin ɗin da aka cire yana da nasa aikin a jikin shuka. Sha'ir na farko-farko masu mlo sukan yi tabo a ganye ko babu cuta, ganyen ya tsufa da wuri, amfani ya ragu. Sai da aka shafe shekaru ana aure da zaɓe kafin a samu waɗanda wannan illa ta yi sauƙi a jikinsu. Bincike ya kuma nuna cewa mlo na iya sa sha'ir ya fi saurin kamuwa da wasu cututtukan na daban, kamar ɗigon ganye na Ramularia. Wanda ya taɓa kashe wani izini a wayarsa don tsaro, sai wata manhaja ta daina aiki, ya san irin wannan ciniki.

Tsari na uku: ƙananan shingaye masu yawa

Akwai kariyar da ba ta hana cuta shiga, sai dai ta rage mata gudu. Ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa: wata ta jinkirta fitowar tabo, wata ta rage girmansa, wata ta rage yawan ƙurar da zai fitar. Kafin cutar ta yi ƙarfi, hatsi ya nuna. Da wuya fumfuna ta karya wannan da sauyi ɗaya, kamar yadda satar kalmar sirri kaɗai ba ta isa buɗe asusun da ke neman lambar tabbatarwa da zanen yatsa ba.

Afirka ta Yamma ta ga wannan da idonta. A 1949 wata tsatsar masara daga nahiyar Amurka ta ɓulla a Saliyo, cikin 'yan shekaru ta ratsa yankin har Najeriya, ta yi mummunar ɓarna musamman a wurare masu laima. Masarar Afirka ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta haɗu da wannan cuta ba, don haka ba ta da shiri. Amma kafin ƙarshen shekarun 1950 annobar ta lafa. An shigo da iri masu juriya, sannan su kansu manoma, ta hanyar ajiye iri daga masarar da ta fi yin kyau kowace shekara, sun tara waɗannan ƙananan shingaye ba tare da sun san sunansu ba.

A alkama akwai wata ƙwayar gado mai suna Lr34 da ke aiki a wannan salo na rage gudu, kuma ta daɗe ƙwarai ba ta karye ba. A 2017 masana a Ostareliya suka ba da rahoton cewa sun saka ta a cikin dawa, ta kuma ba dawar juriya ga tsatsa da antiraknos.

Cutar da ke kan ganyen dawa

Antiraknos ita ce ɗaya daga cikin manyan cututtukan ganyen dawa a yankuna masu ruwa da ɗumi irin na Kaduna. Tana farawa da ƙananan ɗige masu ja ko ruwan hanta, tsakiyarsu ta yi fari-fari da baƙaƙen ɗigo, su haɗe har ganye ya bushe. Tana iya gangarawa kara da zangarniya. A irin da ba shi da juriya, idan damina ta yi nauyi, asara na iya kai rabin amfanin gona. Ta bambanta da burtuntuna, wadda ita zangarniya take mayarwa baƙin gari. Fumfunar antiraknos tana kwana a cikin karan bara da aka bari a gona, da jikin dawar daji, wani lokaci har a jikin iri, kuma feshin ruwan sama ne ke ɗaga ta daga ganye zuwa ganye.

Matsalarta irin ta farar hodar sha'ir ce: nau'o'inta na da yawa. Irin da ya jure a wata ƙasa zai iya faɗuwa a wata. Saboda haka dole a gwada kowane sabon iri a ƙasar da za a shuka shi. Wannan na cikin aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ta samo asali tun 1922 ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk irin da sunansa ya fara da SAMSORG, SAMMAZ, SAMNUT ko SAMPEA daga can ya fito. Cibiyar ICRISAT mai ofis a Kano ita ma tana aiki da su a kan dawa da gero da gyaɗa.

A 2022 wata tawaga a Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Tesfaye Mengiste ɗan asalin Habasha, ta wallafa gano wata ƙwayar gado a dawa mai suna ARG1, wadda ke ba da kariya daga antiraknos da tsatsa da wata cutar ɗigon ganye. ARG1 daga dangin masu gadi take, wato tsari na farko. Darasin sha'ir a nan shi ne kada a bar ta ita kaɗai a fili. A haɗa ta da wasu a cikin iri guda, ta yadda sai cuta ta karya makullai da yawa a lokaci ɗaya kafin ta shiga.

Na'urorin da suka sauya aikin

Da, mai inganta iri sai ya shuka dubban tsirrai, ya jira cuta ta zo, sannan ya zaɓa. Idan shekarar ba ta yi laima ba, aikin ya tafi a banza. Yanzu ana yanko ɗan guntun ganye daga tsiro mai mako biyu, a bincika ko yana ɗauke da wata alama a DNA da ke tafiya tare da ƙwayar kariya, kamar yadda ake neman kalma a cikin dogon fayil. Da wannan dabara aka samar da geron HHB 67 Improved a Indiya a 2005, bayan tsohon nau'insa ya fara faɗuwa a gaban wata cutar ganye.

Sai kuma gyaran rubutun kai-tsaye. Alkamar burodi tana da jerin DNA uku a haɗe, don haka ƙofar MLO uku gare ta, kuma da wuya duka su lalace da kansu. A 2014 tawagar Gao Caixia a birnin Beijing ta yi amfani da almakashin DNA ta lalata duka ukun, alkamar ta samu kariya irin ta sha'ir. A 2022 suka fitar da wani gyaran da ya kawar da illar raguwar girma. Najeriya ta fitar da ƙa'idojinta na irin wannan gyara a ƙarshen 2020 ta hannun hukumar NBMA, ita ce ta farko a Afirka.

Ana kuma bin sawun cutar ita kanta. MinION wata na'urar karanta DNA ce da ba ta kai girman waya ba, ana jona ta da kwamfutar tafi-da-gidanka ta USB. A Habasha an yi amfani da ita wajen gane nau'in tsatsar alkama cikin kwana biyu, aikin da a da sai an aika samfur ƙasar waje an jira watanni. A can kuma ana haɗa bayanan iska da na gonaki a yi hasashen inda tsatsa za ta nufa, a aika wa malaman gona da manoma gargaɗi ta waya.

Abin da matashi mai waya zai iya yi

A gidaje da yawa a Rido, wanda ke riƙe da babbar waya shi ake tura wa tambaya. Manhajoji irin su Plantix na iya duba hoton ganye su faɗi cutar da suke zato. Suna taimakawa, amma zato ne, kuma ba sa gane nau'in cutar, don haka a haɗa da malamin gona kafin a kashe kuɗi a kan magani.

Wajen sayen iri, a nemi cikakken sunansa da lambarsa, kamar yadda ba a sayen waya sai an san samfurinta. Hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, tana da tsarin Seedcodex: ana kankare wata lamba a jikin leda a aika ta saƙon tes don a tabbatar ba jabu ba ne. Idan irin masara na aure ne, wato haibirid, ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa, domin a zuriya ta gaba halayen rarrabuwa suke yi, har da na kariya.

Idan irin da aka sani da juriya ya fara yin tabo fiye da yadda aka saba, wannan labari ne mai muhimmanci. A ɗauki hoto, a rubuta rana da wuri da sunan iri, a kai wa malaman gona. Da irin wannan rahoto ne masu bincike ke sanin cewa wani makulli ya fara sakin jiki. Kwashe karan da ya kamu, da sauya dawa da waken suya ko gyaɗa a shekara mai zuwa, suna rage yawan ƙurar da za ta gwada sa'arta a kan sabon iri, kuma hakan na ƙara wa kariyar tsawon rai.

Sannan kada a raina kaura da farafarar da ke rumbun kaka. Irin gargajiya gauraye ne, kowane tsiro da ɗan bambancinsa, shi ya sa da wuya cuta ɗaya ta share shi duka. Kariyar da Turai ke taƙama da ita a yau daga gonakin ƙananan manoman Habasha aka ɗebo ta, a hannun mutanen da suka yi ta ajiye irinsu shekara bayan shekara. Ma'ajiyar iri ta ƙasa da ke Ibadan da ta ICRISAT suna adana dubban irin dawa saboda wannan dalili, amma kwafin da ke ci gaba da sabunta kansa a gaban cututtukan yau shi ne wanda ake shukawa kowace damina.